Ofishin da ya kai ɗan wana karatu Bangaladesh: abin da suka iya da abin da ba su sani ba

Iyaye da dama sun tare ni, wasu a bakin masallaci, wasu a makarantar da nake koyarwa, suna tambayata yadda na ga aikin ofishin nan da ya yi wa ɗan wana hanyar karatu a Bangaladesh. Tun da tambayar ta yi yawa, gara in rubuta kowa ya karanta. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin akwai inda zan yaba musu, akwai kuma inda zan yi ƙorafi, ni kuwa ba ɓata wa kowa kasuwa na zo yi ba. Ɗaki biyu ne a saman bene cikin garin Sakkwato, da fanka da kwamfutoci, bango duk an manne shi da hotunan jami'o'in Indiya da Masar da Malesiya da Bangaladesh.

A aikin takarda mutanen nan masu gaskiya ne, kuma ranar da hankali ya tashi ba su kulle ƙofa sun bar mu ba. Amma idan uba ya tambaye su wace irin ƙasa ce zai tura ɗansa, yaya mutanenta suke zama da wanda addininsa ko aƙidarsa ta saɓa da tasu, amsa ɗaya gare su, kuma amsar ba ta wadatar ba. A kan wannan zan fi tsayawa, saboda shi ne abin da ba ka ganinsa a rasit.

Yaron maraya ne, riƙonsa ya dawo hannuna tun yana sakandare. Harhaɗa magunguna yake so, bai samu gurbi a gida ba, kuɗin Ingila ko Malesiya kuwa ya fi ƙarfin albashin malami da abin da mahaifinsa ya bari. Ofishin suka karɓi sakamakonsa na WAEC suka tura wata jami'a mai zaman kanta a bayan Dhaka, babban birnin ƙasar. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne takardar gurbin daga jami'ar ta shigo imel ɗin yaron kai tsaye, ba ta hannunsu ta biyo ba. Kuɗin makaranta asusun jami'ar muka tura. Ladan aikinsu suka raba biyu, rabi da farko, rabi sai biza ta fito, kowanne da rasit mai hatimi. Ma'aikacinsu ya raka shi Abuja aka tantance takardu a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, aka je ofishin jakadancin Bangaladesh, aka yi katin rigakafin shawara. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, ta Doha ya bi, wakilinsu na can ya tarbe shi a filin jirgi. Sun kuma gaya mana tun farko cewa in ya gama sai ya bi ta hannun hukumar masu harhaɗa magunguna ta Najeriya kafin ya samu lasisin aiki. Duk wanda ya taɓa faɗawa hannun 'yan cuwa-cuwar biza ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙananan gazawa akwai. Wayarsu ba kullum ake ɗauka ba, sai ka taka ka je. Ba su ce mana komai ba game da zazzaɓin dengi, wanda a shekarar 2023 kaɗai ya kashe mutum sama da 1,700 a ƙasar, alhali gidan sauro da gargaɗi guda sun isa. Ba su kuma bayyana cewa bizar ɗalibi sai an riƙa sabunta ta a can ba, yaron ne ya gano da kansa.

Da na tambayi mai ofishin batun addini, murmushi ya yi ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ƙasar Musulmi ta. Kiran salla ko'ina, nama halal, ba giya bisa hanya. Kamar yana gida na." Ni wannan ya yi min daɗi a lokacin. Bayan 'yan watanni maƙwabcina, mutumin Zuru, Kirista, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a asibiti, ya same ni a ƙofar gida. Mun daɗe tare a Mabera, 'ya'yanmu tare suka tashi, ranar Salla tuwonmu yana shiga gidansa, ranar Kirsimeti shinkafarsa tana shigowa namu. 'Yarsa ce take son karatun kwamfuta, ya ji kuɗin Bangaladesh da sauƙi. Na kai shi ofishin. Ya tambaya ko yarinya za ta samu cocin zuwa, ko za a matsa mata. Mai ofishin ya ce, "Yallaɓai, ba matsala, ƙasar Musulmi ta, mutanen kirki na." Na ga fuskar maƙwabcina ta sauya. Maganar da ta kwantar da hankalina ita ce ta tayar da nasa, mai ofishin kuwa bai lura ba. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce za ta bincika ko akwai coci. Babu wanda ya san cewa hutun mako a can Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce da darasi.

Wannan ya sa na zauna na yi karatun da ya kamata a ce ofishin ne ya yi mana. Ni malamin labarin ƙasa ne, neman irin wannan bayani ba baƙon aiki ba ne gare ni, ga kuma yaro a can yana ba ni labarin abin da idonsa yake gani.

Ƙasar ba ta kai girman jihar Neja sau biyu ba, amma ƙidayar 2022 ta samu mutum sama da miliyan 165 a cikinta. Musulmi kashi 91 cikin 100, mabiya addinin Hindu kusan kashi 8, mabiya Buda ƙasa da kashi 1, Kirista kuwa uku ne kawai cikin kowane mutum dubu. To mai ofishin bai yi ƙarya ba. Sai dai kashi 8 na irin wannan jama'a mutum miliyan 13 ne, sun ninka mutanen jihar Sakkwato. Kuma a ƙidayar 1951, lokacin ƙasar tana Gabashin Pakistan, Hindu sun kai kashi 22. Ina suka tafi? Da yawa sun tsallaka Indiya, wasu bayan rabuwar 1947, wasu a yaƙin neman 'yanci na 1971 wanda sojojin Pakistan suka fi far musu, wasu kuma a hankali, gida bayan gida. Akwai wata doka da aka kafa a 1965 bayan yaƙin Indiya da Pakistan, wadda ta ba gwamnati damar riƙe dukiyar duk wanda aka ce ya koma ƙasar abokan gaba. Masu ƙarfi suka riƙa fakewa da ita suna cinye gonakin Hindu, sai a 2001 aka yi dokar mayar da dukiyar. Duk wanda ya san rigimar gona a ƙauyukanmu ya san cewa sau da yawa abin da ake kira faɗan addini, in ka tona, fili za ka tarar a ƙasa.

Kundin tsarin mulkinsu ma yana nuna yadda zuciyar ƙasar ta rabu biyu. Na farko, na 1972, ya ce gwamnati ba ta fifita wani addini. A 1977 Janar Ziaur Rahman ya cire wannan ya sa dogaro ga Allah Maɗaukaki a madadinsa. A 1988 Janar Ershad ya mayar da Musulunci addinin ƙasa. A 2011 gwamnatin Sheikh Hasina ta dawo da ƙa'idar farko, ba ta kuma cire ta Ershad ba. Aka wayi gari kundi ɗaya yana cewa Musulunci ne addinin ƙasa, yana kuma cewa ba a fifita kowa, sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi. A Janairun 2025 kwamitin gyaran tsarin mulki ya sake ba da shawarar a sauya kalmomin. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan suna jan wannan igiya, domin Babangale yana alfahari da abu biyu lokaci guda, Musuluncinsa da harshensa. Saboda harshen aka harbe ɗalibai a Dhaka ranar 21 ga Fabrairun 1952, kuma harshen da Musulmi da Hindu duk nasu ne. Taken ƙasar ma Rabindranath Tagore ne ya rubuta shi, ba Musulmi ba ne, miliyoyin yara Musulmi suna rera shi a makarantu.

Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da wani babban rahoto a 2013 kan ra'ayoyin Musulmin duniya. A Bangaladesh kashi 82 suka ce suna son shari'a ta zama dokar ƙasa, a Najeriya kashi 71. A cikin rahoton kuma, daga cikin waɗanda suka ce mabiya wasu addinai suna da cikakken 'yanci a ƙasarsu, mafi rinjaye ƙwarai sun ce hakan abu ne mai kyau. Wani zai ga kamar amsoshin biyu sun ci karo. Ni ban ga haka ba, kuma ina jin yawancin Sakkwatawa ba za su gani ba, domin mun tashi ana koya mana son shari'a da haƙƙin maƙwabci a zaure ɗaya, daga bakin malami ɗaya. Inda nake da ja shi ne, Musulmi aka tambaya. Mai rinjaye ne yake shaida cewa maras rinjaye yana cikin walwala. Shaidar tana da daraja, tana nuna abin da mutane suke so su zama, amma ba ta cika ba sai an ji daga bakin wanda abin ya shafa.

A zaman yau da kullum, abin da yaron yake ba ni labari ya yi daidai da kyakkyawar fuskar. Abokin ɗakinsa na farko Hindu ne daga Khulna. In yaron zai yi salla, shi yake rage sautin waya ya koma gefe. Da azumi ya zo, ba ya cin abinci a gabansa, wani lokaci ma shi yake sayo masa dabino da soyayyen wake na buɗa-baki. Malaman jami'ar akwai Hindu a cikinsu, ɗalibai Musulmi suna miƙe musu kamar kowa. Ranakun hutun gwamnati sun haɗa da Salla ƙarama da babba da Mauludi, sun kuma haɗa da bikin Durga Puja da Janmashtami na Hindu, da Buddha Purnima, da Kirsimeti. Lokacin Durga Puja ana kafa rumfunan biki sama da 30,000 a faɗin ƙasar, Musulmi da yawa suna fita kallo. Suna da wata magana da suke yawan faɗa, wai addini kowa da nasa, biki kuwa na kowa ne. Wasu malamansu ba su yarda da ita ba, suna wa'azi a kai. Da yaron ya tambaye ni, na ce masa wurin bautarsu ba wurin zuwanka ba ne, amma in abokinka ya kawo maka alewar biki ka karɓa ka gode, in ya yi rashin lafiya ka kai shi asibiti, in aka zage shi saboda addininsa kada ka yi dariya. Haka mahaifinsa zai ce da yana raye.

An taɓa yin Hindu alƙalin alƙalan ƙasar, Surendra Kumar Sinha, a 2015. A ƙungiyar kurket ta ƙasa, wadda suke ji da ita yadda muke ji da ƙwallon ƙafa, akwai Litton Das, shi ma Hindu ne. Kirista duk da ƙarancinsu suna da makarantu masu suna, kamar kwalejin Notre Dame da ta Holy Cross a Dhaka, iyaye Musulmi suna rububin sa 'ya'yansu. Akwai tsohon cocin Katolika a unguwar Tejgaon tun 1677, Fafaroma Francis ya ziyarci ƙasar a ƙarshen 2017. Wasu majami'u Juma'a suke taruwa saboda Lahadi ranar aiki ce, wasu kuma da sassafe ko da yamma. Wannan ɗan bayani shi maƙwabcina ya je nema, bai samu ba.

Sai ga Yulin 2024. Zanga-zangar ɗalibai kan rabon guraben aikin gwamnati ta rikiɗe ta zama bore, aka rufe jami'o'i, aka sa dokar hana fita, aka yanke intanet a ƙasar baki ɗaya na kwanaki. Mahaifiyar yaron ta daina cin abinci. A nan ne ofishin ya nuna halinsa, kuma ba zan taɓa mance musu ba. Mai ofishin bai ɓuya ba. Ya zauna yana kiran wakilinsa na Dhaka ta layin waya na kuɗi, da katinsa, yana rubuta sunan kowane ɗalibi da inda yake. Bambancin lokaci tsakaninmu da su awa biyar ne, sai ya riƙa fitowa tun bayan Asuba. Iyaye muka cika ɗakin har matattakala. Da ya samu yaronmu ya miƙo min wayar, na ji muryarsa yana cewa, "Baffa, lafiya lau nake, muna cikin gida, mai gidan yana kawo mana shinkafa." Ko sisi bai karɓa ba. Ranar 5 ga Agusta Firaminista Sheikh Hasina ta gudu Indiya, bayan kwana uku Muhammad Yunus ya karɓi gwamnatin riƙo. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta daga baya cewa mutanen da aka kashe sun iya kai 1,400.

Kwanakin da suka biyo bayan faɗuwar gwamnatin su ne suka nuna fuskokin ƙasar biyu a fili. 'Yan sanda sun watse daga ofisoshinsu. Aka far wa gidaje da shaguna da wuraren bautar Hindu a gundumomi da dama, saboda ana ganinsu a matsayin magoya bayan jam'iyyar Awami League da ta faɗi. Ƙungiyar haɗin kan Hindu da Buda da Kirista, wadda aka kafa tun 1988, ta ce ta ƙirga hare-hare sama da 2,000. 'Yan sanda daga baya suka ce mafi yawa ramuwar siyasa ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dalilan a cakuɗe suke, akwai siyasa, akwai addini, akwai tsohuwar rigimar fili. An kuma yaɗa hotunan ƙarya masu yawa a intanet da suka ƙara wa abin gishiri. Amma ga wanda aka ƙone wa shago, sunan da aka ba wutar ba zai dawo masa da kayansa ba. Abokin ɗakin yaron ya kwana yana kiran gida yana kuka.

A waɗannan dararen kuma, ɗalibai Musulmi, har da 'yan makarantun islamiyya da hulunansu, suka riƙa kwana a ƙofar wuraren bautar Hindu da coci-coci suna gadi. Jaridun duniya sun ɗauki hotunan. Yaron ya ce a layinsu limamin unguwa ne ya yi shela ta lasifikar masallaci cewa duk wanda ya taɓa gidan Hindu, shi ya taɓa. Mai gidansu da 'ya'yansa suka ɗauki gora suka zauna bakin layi har gari ya waye. Yunus kansa ya je babban wurin bautar Dhakeshwari ya gana da shugabannin Hindu. Ina ba da labarin nan da alfahari a matsayina na Musulmi. Ina kuma ganin abin da ke ƙarƙashinsa: lafiyar maras rinjaye a waɗannan kwanaki ta rataya ne ga irin maƙwabcin da Allah ya haɗa shi da shi. Wanda ya dace da na kirki ya tsira, wanda bai dace ba ya rasa komai.

Ba kuma 2024 aka fara ba. A Satumbar 2012 an ƙone wuraren bautar mabiya Buda a Ramu, kusa da Cox's Bazar, saboda wani hoto na wulaƙanta Alƙur'ani da aka liƙa wa shafin Facebook na wani saurayi. A Oktobar 2016 aka yi irin haka ga Hindu a Nasirnagar, shi ma daga Facebook. A Oktobar 2021 aka tarar da Alƙur'ani a rumfar Durga Puja a Cumilla, hoton ya bazu, tarzoma ta kai Chandpur da Noakhali da Rangpur, aka rasa rayuka, wanda 'yan sanda suka kama da laifin ajiye shi kuwa Musulmi ne. Hanyar ɗaya ce kullum, hoto ko saƙo, sai lasifika, sai taro, kafin bincike ya iso wuta ta ci. Ba sai na yi wa Basakkwace dogon bayani ba. Mun ga abin da saƙon WhatsApp ya jawo a garin nan a watan Mayun 2022, rai ya salwanta, aka sa mana dokar hana fita, fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da abin. Maƙwabcina da iyalinsa a gidana suka kwana a lokacin. Shi ya sa da ya yi tambayarsa a ofishin nan na san daga ina take fitowa, kuma na ji zafin amsar da aka ba shi.

Shi kansa ɗa Musulmi bai kamata a ce masa kamar yana gida ba ne a tsaya nan. Yawancin Musulmin Bangaladesh Hanafawa ne. La'asarsu tana jinkiri sosai, sai inuwa ta ninka tsawon abu biyu. Wutirinsu raka'a uku ne a haɗe, suna kama hannu a ƙasan cibiya. Yaronmu gidan Ƙadiriyya ya tashi, sakin hannu yake yi. Ya ce a masallacin unguwa idanu suka yi ta binsa, har wani dattijo ya kama hannunsa yana nuna masa yadda zai ɗora. Limamin ne, da ɗan Larabcin da suka haɗu a kai, ya bayyana wa jama'a cewa mazhabar Imamu Malik ce. Daga ranar dattijon ya ɗauke shi ɗa, yana kiransa cin kifi da shinkafa duk Juma'a. Ƙarshen ya yi kyau, amma da an gaya masa tun daga Sakkwato da bai sha wannan kunyar ba. Iyayen 'ya'ya mata kuma su sani, masallatai da yawa a can ba su da sashen mata. Ga kallo. Baƙar fata ba ta da yawa, yara suna bin sa, manya suna neman hoto da shi, wani lokaci da kalmar da ba ta da daɗi. Ya ce da zarar ya yi sallama ya ce Musulmi ne daga Najeriya sai fuska ta sake, ni kuwa nan take na tuna 'yar maƙwabcina, wadda ba ta da wannan mabuɗi.

Saɓanin cikin gida ma yana nan da ƙarfinsa. Musulunci ya shiga ƙasar ta hannun waliyyai, babban filin jirginsu sunan Shah Jalal na Sylhet yake ɗauke da shi, hubbarensa kullum cike da masu ziyara, kamar dai Hubbaren Shehu. Amma bayan Agustan 2024 an kai hari kan gomman hubbarori, masu ganin ziyarar bidi'a ce suka rushe wasu suka ƙone wasu. An ƙone gidajen 'yan Ahmadiyya a Panchagarh a watan Maris na 2023. Tsakanin 2013 da 2016 an yi ta kashe marubutan intanet da adda bisa zargin ɓatanci. A gefe guda kuma ƙasar ce take karɓar babban taron Tabligi na Tongi a bakin kogin Turag, ɗaya daga cikin manyan tarukan Musulmi a duniya, ita ce kuma ta buɗe iyakarta ga 'yan Rohingya, Musulmi masu gudun hijira daga Myanmar, sama da 700,000 a 2017 duk da talaucinta. A Gazipur akwai jami'ar fasaha ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, inda 'yan Najeriya suka daɗe suna karatu. Na gargaɗi yaron ya kama bakinsa a kan siyasar ƙasar da muhawarar aƙida, musamman a Facebook, ko da sharhi ne a ƙarƙashin rubutun wani.

Na kwashe duk wannan na zayyana wa maƙwabcina, mai daɗi da maras daɗi. Na ce masa fahimtata ita ce yawancin mutanen Bangaladesh suna son a san su da haƙuri da baƙo da girmama addinin wani, kuma a kwanakin lafiya haka suke. Ɗaliba Kirista baƙuwa a Dhaka, cikin jami'a, da coci da za ta jingina da shi, ba ta cikin irin haɗarin da manomi Hindu yake ciki a ƙauye, domin ba ta da gonar da za a yi kwaɗayi, ba ta da jam'iyya. Amma zai fi kyau ta guji lokacin zaɓe da tarzoma, ta zauna kusa da makaranta, ta sa tufafi masu rufe jiki kamar yadda take yi a nan. Ya yi shiru ya ce, "Malam, da haka suka gaya min tun farko, da ban ji tsoro kamar yadda na ji ba." Yaronmu ya nemo masa lambar wata ɗaliba Kirista 'yar Najeriya da ke can, suka yi magana da ita da matarsa. Shawarar tana hannunsu, ban matsa ba.

Na koma ofishin na zauna da mai shi. Ya saurare ni da ladabi, ya ce shi bai taɓa taka ƙasar ba, abin da wakilinsa ya gaya masa yake faɗa. Na roƙe shi abu mai sauƙi: takarda ɗaya da Hausa, a ba kowane uba kafin ya biya kuɗi, mai ɗauke da ranakun hutu, bambancin mazhaba, inda coci yake ga mai buƙata, gargaɗin Facebook, batun dengi da sabunta biza, da lambar ofishin jakadancin Najeriya mai kula da ɗaliban can. Na ce ni zan rubuta masa kyauta. Ya ce in kawo, na kai, ya karɓa da godiya. Da na leƙa kwanan baya ban gan ta a kan tebur ba, ya ce tana wurin mai buga takardu.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai ɗansa wurinsu, zan ce ya kai, kuɗinsa ba zai salwanta ba in sha Allahu. Amma ya nemi a haɗa shi da ɗalibin da yake can yanzu, ya yi magana da shi ba a gaban mai ofishin ba, in 'ya mace ce a haɗa shi da ɗaliba mace, in Kirista ne a haɗa shi da Kirista. Ya tambayi unguwar da za a sauke yaron da ko wane ne mai gidan. Kada ya biya rabin ƙarshe sai ya ga biza a fasfo da idonsa.